Kaset Ɗaya da Ya Rage

A bakin ƙofar laburaren da nake zuwa cikin gari akwai wani tebur da ake canja wa kaya duk wata. Ni malamar firamare ce a unguwar Tsinga. Ran Laraba ana tashinmu da wuri, sai in bi ta can in ari littafi kafin in gangaro gida, unguwar Briqueterie. Teburin na tunawa da masu fasaha ne. Wannan watan a kafa hoton wani mai shirya fim, a rubuta cewa da yana raye da bana ya cika shekara ɗari. Wata mai zuwa kuma wani mai kaɗa jita ne, shekara ashirin da rasuwarsa. A ƙarƙashin hoton sai a jera duk abin da laburaren yake da shi a kan mutumin, littattafai da faya-fayai, da 'yar takarda mai ba da shawara: in wannan ya yi maka, ka nemi wancan a kanta ta ciki. Matar da ke kula da teburin doguwa ce mai tabarau, ba ta da hayaniya. Ina ce mata Madam, ita ma tana ce min Madam.

Na daɗe ina wuce teburin nan ko a jikina. Mu ba mu san wannan lissafin ba. In mutum ya rasu a yi sadakar uku, a yi ta bakwai, a yi ta arba'in, daga nan sai addu'a. Ba wanda zai tashi bayan shekara ashirin ya kakkaɓe hotonsa ya kafa a bakin ƙofa. Har nakan ce a raina mutanen nan ba su da aikin yi, mamaci ma ba za su bar shi ya huta ba.

Sai Inna ta faɗi. Da safe ne, a bakin famfo, tana wanke kofin shayinta. Da aka sallamo ta daga asibiti ɓarin jikinta na dama ya shanye, magana kuma ta ɗauke gaba ɗaya. Tana ji, tana gane kowa, idonta na nan da kaifinsa. Amma in ta buɗe baki iska ce kawai ke fitowa.

Mahaifiyata zabiya ce, ko in ce ta taɓa zama zabiya. Lokacin da nake yarinya ba a yin bikin da ya amsa sunansa a unguwarmu ba tare da ita da 'yan amshinta ba. A kife ƙorai cikin baho da ruwa, mata su zagaye, ita ta zauna a tsakiya ta tura ɗankwali baya, sai ta saki murya. Masu tsire na bakin titi sukan yi mata ƙorafi cikin wasa, wai in ta fara waƙa cinikinsu tsayawa yake don kowa ya tafi leƙe. Ina kolej ta tafi aikin hajji. Da ta dawo ta rabar da ƙoran, ta ce ta tuba. Tun daga ranar ko rarrashin jika ba ta yi da waƙa. Ban damu ba a lokacin. Muryar ai tana nan a gida, da ita ake min faɗa safe da yamma.

Wata rana bayan ta kwanta ciwo, ina shafa mata man zafi a ƙafa, na nemi muryarta a kaina na rasa. Na san kalmomin da take faɗa, na san yadda take karya wuya in za ta kira ni, amma sautin babu. Na ƙara nema, muryar ƙanwarta ce ke zuwa min, ko tawa. Na duba wayata kaf. Akwai saƙon murya na yayana, akwai na mai gyaran famfo, akwai na iyayen yara masu ƙorafin maki, amma babu nata ko ɗaya. Inna ba ta yarda a ɗauki muryarta. In aka miƙa mata waya a ce ta yi wa wani saƙo, sai ta ture ta ce, "Ki faɗa masa da bakinki." Tsoro ya kama ni irin wanda ko ranar da ta faɗi ban ji ba. Uwata tana kwance a gabana da ranta, ni kuma har na fara manta ta.

A watan ne aka kafa hoton wata mawaƙiya 'yar kudu a teburin, shekara talatin da barinta duniya. Ga littafin tarihinta, ga faya-fayanta a jere, an kuma ajiye na'ura da abin sawa a kunne don mai son ya ji. Na saka. Ban san yarenta ba, amma na ji yadda take jan numfashi kafin ta shiga baiti, na ji har ƙarar warwaronta. Matar da ta shekara talatin a ƙasa, ga muryarta a kunnena garau, tawa uwar kuma tana da rai an rasa tata. Na cire abin na ajiye da ƙarfin da ya fi ƙima. Madam ta ɗago kai.

"Ça va, Madam?"

Na ce lafiya lau. Sai kuma na ja kujera na zauna na kwashe komai na faɗa mata, ni da ba mu taɓa wuce gaisuwa da ita ba. Ta saurare ni har na gama.

Ta ce, "Ai a zamaninta ana ɗaukar biki a kaset. Ki samo min ko guda ɗaya. Muna da na'urar da ke juye kaset cikin kwamfuta, in an juye ba ya sake ɓata. Kuma me zai hana mu sa ta a teburin? Ba mu taɓa sa kowa daga unguwarku ba. Wace shekara ta fara?"

Ban san shekarar ba. Abin da na sani shi ne ta fara waƙa a bikin ƙanwarta, da goyon yayana a bayanta. Yayana kuwa bana ya cika hamsin. Haka na faɗa mata.

"Cinquante ans, shekara hamsin," in ji ta, ta yi murmushi. "Kin ga ya dace. Amma sai da kaset ɗin. Teburin nan ba ya ɗaukar wanda ba mu da abin da za mu miƙa wa mai karatu a kansa."

Ba zan ɓoye ba, na so teburin. Na hango hoton Inna a bakin ƙofar nan, 'yan jami'a suna tsayawa suna sa abin a kunne. Amma abin da ke ci na a rai ba shi ba ne. In ji ta kawai nake so, ko sau ɗaya.

Na fara da gida. A ƙarƙashin gadonta akwai kwalin kaset, na zazzage shi a tabarma. Karatu da wa'azi ne daga sama har ƙasa. Na tafi kasuwar Mokolo wajen tsohon da ke sayar da kaset tun muna yara. Na same shi a rumfarsa ta dā, sai dai yanzu caja da rigar waya yake sayarwa. Ya gane ni.

"'Yar Hajiya ce? Yaya jikin nata? Allah ya ba ta lafiya. Kaset kuma? 'Yata, ai ni ban taɓa sayar da nata ba. Ita ba ta shiga situdiyo. Masu biki ne ke ajiye rediyonsu a gabanta su danna. Ki bi gidajen da ta yi wa biki."

Na bi gidajen. Daga makaranta ko gida ba na shiga, da jakar littattafan yara a kafaɗa nake ratsa lunguna, ga damina, ga jan laka har idon sawu. Duk inda na shiga sai a ba ni ruwa, a tambayi jikin Inna, a yi mata addu'a, a tuno yadda ta sa surukar wance rawa har ɗankwali ya faɗi. Da na ambaci kaset sai fuska ta canja. Wata ta ce nata ya ɓace a tashin gida. Wata ta ce jikoki sun yi wasa da zaren. Wata Hajiya ta ɗauko nata daga cikin kwalla, an rubuta biki a jikinsa da biro, na karɓa. Muka sa a tsohon rediyon mijinta, sai ga wani malami yana bayanin rabon gado. Na juya ɗaya gefen, shi ne dai bai gama rabon ba. Na duba saman kaset ɗin na ga an cusa 'yar takarda a ramin. Duk wanda ya yi zamanin kaset ya san wannan: ana toshe ramin ne don a iya ɗora sabon abu a kan tsoho. Da gangan aka goge ke nan. Na kalli Hajiyar, ta tashi wai za ta duba tukunya.

Wadda ta faɗa min gaskiya ita ce babbar 'yar amshin Inna, tsohuwa ce yanzu, muna ce mata Gwaggo. Na same ta tana tsince shinkafa a faifai, ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Ke 'yar nan, ki daina wahalar da ƙafarki. Ba za ki samu ba. Uwarki ce da kanta ta bi gida-gida bayan ta dawo daga Makka, ni na raka ta. Ta ce duk lokacin da aka kunna, sabon zunubi ake rubuta mata, ko tana kabari. Wanda ya ba ta ta karɓa. Wanda ya hana, ta zauna masa a ɗaki har sai an ɗora karatu a kai a gabanta. Kin san halinta, in ta zauna ba ta tashi."

"Kuma kuka biye mata, Gwaggo?"

"To wa zai so ya zama sanadin azabar wani a kabari?"

Ko sallamar kirki ban yi mata ba na fito. Ina tafe ina jin haushin kowa: Gwaggo, matan da suka miƙa kaset ɗinsu kamar ba nasu ba, da ko wane ne ya fara sa wa Inna wannan tsoron a rai. Na shiga gida na tarar lokacin kununta ya yi. Ina ba ta a cokali ina faɗa.

"Inna, da kika bi gari kina gogewa, kin tuna da mu? Ko guda ɗaya ba ki bar wa 'ya'yanki ba. Kin gyara lahirarki, mu kuma mu zauna da me?"

Ta kalle ni, ta haɗiye kunun, ta sake buɗe baki a ba ta wani. Faɗa da wanda ba zai rama ba ya fi komai ƙona rai. Na gama ba ta, na goge mata baki, na zagaya bayan ɗaki na yi kukana.

Yayana da ya ji abin da nake yi ya ce in bari. "Abin da ta binne da hannunta kike tonowa. In kina son ta ki yi mata addu'a." Na ce masa shi ai ya sha waƙar tun yana goye, ya ƙoshi, shi ya sa. Muka ɗauki lokaci ba ma magana sai gaisuwa. Ran Laraba kuma in na shiga laburare Madam takan ɗago ta kalle ni, in girgiza kai, ta koma kan aikinta. Ta ce min ta bar wata ɗaya a buɗe kafin shekara ta ƙare. Ni kuma ina ganin jikin Inna yana ja baya, abincin da take ci sai raguwa yake.

Na riga na fid da rai sai ga Mama ta zo dubiya. Mama tsohuwar maƙwabciyarmu ce, Kirista, ta yi shekaru tana soya makala, irin fanken nan, tana dafa wake a ƙofar gidanmu kafin su koma unguwar Madagascar. Ta zauna ta riƙe hannun Inna ta yi ta surutu ita kaɗai da Hausarta ta kasuwa. Da na raka ta bakin titi ta share ido da gefen zani.

"Wannan baki da ya yi wa yarinya na waƙa ran aure, shi ne ya rufe haka. Ni in na tuna sai na duba kaset kawai, rediyo na ya mutu tuntuni."

Na tsaya cak a tsakiyar titi har wani mai babur ya zage ni.

"Mama, wane kaset? Ba ta zo ta karɓa ba?"

"Ta zo. Ta zauna tun safe har yamma. Na ce, ma sœur, 'yar'uwa, murya naki ne, amma biki nawa ne. Na ba ta abinci, ta ƙi. Ta tafi da fushi, ta daɗe ba ta sayi makala na ba."

Ban koma gida ba. Da silifas ɗin tsakar gida na bi ta har Madagascar. Ta ciro shi daga akwatin da take ajiye kayan zuwa coci, a naɗe cikin leda. Na duba ramin, ba a toshe ba. Ta ce in riƙe ta bar min, 'ya'yanta ko yadda ake sa shi ba su sani ba.

Ran Asabar ne. Hankali ya ce in ɓoye shi sai Laraba, in kai wa Madam a juye, sannan in saurara a can da abin kunne ba mai ji na. Na san haka sarai. Amma kaset ɗin yana cikin jakata, Laraba kuma ta yi min nisa kamar baɗi. Bayan la'asar na ari rediyo wajen telan layinmu, na shiga ɗakina na rufe ƙofa da taga, na rage sauti har ƙasa. Na kunna abin ɗaukar murya na wayata na jingina ta da lasifika, sannan na danna.

Da farko hayaniya ce, mata na magana, yaro na kuka, wani yana ba da umarni da Faransanci ba mai kula shi. Sai ƙwarya ta ɗauka. Sai ita.

Ba haka na zata ba. Muryar siririya ce, tana hawa sama ba wahala, da 'yar dushewa in ta zo sauka. Tana tsokanar ango, wai ya daɗe yana cin waken surukarsa kafin ya faɗi abin da ke kawo shi, har ita kanta dariya ta kama ta a tsakiyar baiti, 'yan amshi suka riƙe mata. Matar da ke cikin kaset ɗin nan ba ta kai shekaruna na yanzu ba. Ban taɓa sanin Inna tana dariya haka ba. Na cusa mayafi a baki don kar kukana ya shiga wayar.

Na manta da irin gidajenmu. Bangon da ke tsakanin ɗakina da nata bai kai rufi ba. Sai na ji ƙwanƙwasa. Kofin silba take bugawa a ƙarfen gado da hannun hagu, yadda take kiranmu tun da magana ta ɗauke. Na kashe rediyon na yi lamo. Bugun bai tsaya ba. Na jefa wayar a aljihu, na ɗauki rediyon na shiga wajenta.

Ba ni ta kalla ba, rediyon ta kalla. Sai ta ajiye kofin ta miƙo tafin hannu.

Na durƙusa a gaban gadon. "Inna, ki bari in kai a juye shi. Babu batsa a ciki, babu zagi, ango kawai kike tsokana. Za a sa hotonki a cikin gari, shekara hamsin da fara waƙarki, mutane su san abin da kika yi." Da na ambaci hoto sai ta runtse ido, na gane na ƙara ɓata al'amarin. "To ba zan kai ba. Wallahi ba zan kai ba. Ni kaɗai zan riƙa ji. In zunubi ne a rubuta min, na ɗauka."

Hannun bai sauka ba. Ya yi mata nauyi, amma bai sauka ba. Da ta buɗe ido na duba, ina neman taurin kan da na sani in yi faɗa da shi, sai na ga ba shi ba ne. Tsoro ne. Mace ce da ta san kabari ya matso, kuma ta yi imani da gaske cewa dariyar nan za ta bi ta can. Na buɗe rediyon na ciro kaset ɗin na sa mata a hannu.

Ta gwada da yatsa ta kasa. Sai ta kai shi baki, ta kamo zaren da haƙori ta ja. Ya yi ta fitowa yana taruwa a ƙirjinta. Ina kallo ban taya ta ba, ban kuma hana ta ba, har ta tsinke shi. Na san babu tebur ke nan, babu hoto. Na daure, don na san abin da ke aljihuna.

Sai ta mai da idonta kan aljihun. Ita ta haife ni, ta san ni ciki da waje.

"Babu komai a ciki," na ce.

Ta ci gaba da kallo.

"Inna, wannan ɗaya ki bar min. Ko rabin waƙa bai kai ba. Na manta muryarki, Inna. Na nema a kaina na rasa. In kika tafi ba ni da komai."

Hawaye ya gangaro mata ta gefen da ya shanye, amma ba ta ɗauke ido ba. Na fito da wayar, na juya mata fuskar yadda za ta gani, na goge. Wayar ta tambaye ni ko na tabbata. Na danna.

Na kifa kaina a gefen katifa, kukan ma ya ƙi zuwa. Can na ji hannunta a bayan wuyana. Na zata rarrashi ne. Sai na ji yatsunta suna bugawa, biyu a hankali, ɗaya da ƙarfi. Kiɗan ƙwaryar ne, daga daidai inda na kashe rediyon. Ban motsa ba, numfashi ma da ƙyar na yarda na ja. Ta kai shi har ƙarshe, har da ɗan jinkirin da ake yi don 'yan amshi su karɓa. Sannan ta janye hannunta ta nuna min kofin, ruwa take so.

Na tashi na nufi randa, ina tafe ina maimaita muryar a kaina da sauri-sauri, don na ji har ta fara zamewa.